Hoton da na haɗa da hannuna daga madubin Webb

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku duba hoton nan da na ɗora. Ba daga shafin labarai na kwafo shi ba, ba kuma wani ne ya turo mini ba. Ni na haɗa shi daren jiya a ɗakina a Pantami, da tsohuwar kwamfutar da nake buga wa yara jarrabawa da ita. Garken taurari ne da ake kira M74, nisansa da mu ya kai shekarar haske miliyan 32, wato haskensa shekara miliyan 32 yake yi a hanya kafin ya iso mu. Madubin hangen nesa na James Webb ne ya ɗauko shi, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, yanzu yana can wajen kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Abin da ya hana ni barci shi ne wannan: na daɗe ina koyar da fizis a sakandare, kullum zatona irin wannan kaya yana kulle ne a ofishin farfesoshin Amurka. Ashe rumbun a buɗe yake. Sunansa MAST, yana ƙarƙashin cibiyar da ke kula da ayyukan kimiyya na madubin Webb da takwaransa Hubble a birnin Baltimo. Na shiga, na rubuta sunan garken, fayiloli suka jeru. Ba wanda ya tambaye ni katin makaranta, ba wanda ya nemi ko kwabo. Na ga bai kamata in ci wannan ni kaɗai ba.

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Tabarakallah! Malam, kamar an watsa garwashi a kan saƙar gizo-gizo. Wannan jan da ya yi layi-layi mene ne?

Baban Ilham: Ƙura ce, Hajiya, ƙura da iskar gas da ke tsakanin taurari. A cikinta sababbin taurari ke fitowa. Ramukan da kike gani kuwa, da yawansu taurari ne suka share wurin da iskarsu ko da fashewarsu.

Ɗan Azare: Malam, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Yanzu zamanin da yaro ɗan aji uku zai ce wa kwamfuta ta zana masa doki mai fuka-fuki ta zana masa. Kai da bakinka ka ce "na haɗa". Abin da aka haɗa ai ba hoto ba ne. Na sha karantawa cewa launukan hotunan NASA duk shafe ne. To in kai ka zaɓi ja, gobe wani ya zaɓi kore, ina gaskiyar take?

Baban Ilham: Tambayarka a kan hanya take, ɗan'uwa, kuma ita ce ta fara zo mini. Bari in warware yadda abin yake.

Madubin ba ya ɗaukar hoto mai launi ko kaɗan. Na'urar da ke cikinsa ƙirga haske take yi, ɗigo-ɗigo, ta rubuta lamba. Kafin hasken ya isa gare ta sai ya bi ta wani mataci da ke barin nau'in haske ɗaya kawai ya wuce. A sake ɗauka da wani matacin, a sake da wani. Kowanne yana fitowa fari da baƙi. Ni uku na sauke: F770W da F1130W da F2100W. Lambobin nan tsawon zangon hasken ne, wato maikuron 7.7 da 11.3 da 21 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Idon ɗan Adam kuwa iyakarsa wajen 0.7. Ka ga duk ukun ba wanda idonmu zai gani, ko da an kai mu ƙofar garken an tsayar.

Ka ɗauko rimot na talabijin, ka buɗe kyamarar wayarka, ka danna maɓalli kana kallon bakin rimot ɗin ta cikin waya. A wayoyi da yawa za ka ga haske yana ƙyafta, alhali idonka bai ga komai ba. Wannan dangin hasken ne Webb ke gani, infared. Tun da ba shi da launi a idonmu, dole a ara masa. Kuma aron yana da ƙa'idar da aka saba bi: mafi gajeren zango a ba shi shuɗi, na tsakiya kore, mafi tsawo ja, kamar yadda suke jere a bakan gizo. Launin nawa ne, amma siffar da wurin da kowane abu yake, ban taɓa ko ɗaya ba.

Maman Walid: Ni na gane wannan tun daga wurin aiki. Hoton ƙirji da muke ɗauka a asibiti ba wanda ya taɓa ganin ƙashin mutum mai rai da wannan farin, amma ba mu ce ƙarya ba ne. Da shi likita ke gane inda ya karye.

Mai Hoto Jekadafari: Ni sana'ata ce ta sa na tsaya a nan. Ɗan Azare, kyamarar da nake ɗaukar amare da ita ma ba ta ganin launi yadda kake zato. Ƙananan matatai ne na ja da kore da shuɗi a saman na'urar, sai kyamarar ta yi lissafi ta haɗa. Ɗanyen fayil in ka buɗe shi kafin a gyara, fuskar amarya a dushe take. Bambancin kawai, ni kyamara ke yanke mini hukunci, shi Malam da hannunsa ya yanke. Malam, da me ka buɗe fayil ɗin? Photoshop ya karɓa?

Baban Ilham: Ba kai tsaye ba. Fayilolin masana taurari nau'insu daban, ana ce musu FITS, tun farkon shekarun 1980 suke amfani da shi. Akwai manhajoji na kyauta da ke buɗe shi: DS9, da Siril, da FITS Liberator. Ni da na ƙarshen na mayar da kowanne hoto na yau da kullum, sannan na jera su a GIMP, manhajar gyaran hoto irin Photoshop, na ba su launi. Kai da ka iya Photoshop, abin da ya ci mini dare uku kai yini ɗaya ya ishe ka. Shawara ɗaya: ka nemi fayil ɗin da sunansa ya ƙare da i2d, shi ne wanda aka riga aka tace aka ɗinke. Wanda ya ƙare da uncal ɗanye ne shataf, na masu bincike ne, kuma zai cinye maka data a banza.

Ɗan Azare: To na ji batun launi, na sauko rabi. Amma ka ce ba a karɓi kwabo ba. Datar da ka ƙone fa?

Baban Ilham: Nan kam ka kama ni a inda ke ciwo. Fayil ukun nan sun kusa cin rabin giga, kuma don na zaɓi na na'urar MIRI ne, wadda hotunanta ƙanana ne. Na NIRCam, wata kyamarar da ke cikin madubin, akwai fayil guda da ke haura giga ɗaya. Na sayi datar dare, na fara saukewa bayan sha biyu. Daren farko sabis ya yanke ana saura kaɗan, komai ya lalace. Na biyu aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ba ya riƙe caji. Sai a na uku, da na aro batirin sola na maƙwabcina. Ba zan ce muku abin da sauƙi a wurinmu ba.

'Yar Tumfure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce, ajin biyu a jami'a, ba ni da kwamfuta sai waya. Mu shi ke nan sai kallo?

Dakta Yelwa: Wa alaikis salam 'yata. A'a, kuma ki saurara da kyau, don ɓangaren da waya ke iyawa shi ne ma ya fi kusa da binciken gaske. Ki nemi shafin Zooniverse. Masana ne ke zuba bayanan da suka fi ƙarfinsu, su roƙi jama'a su taya su dubawa. Akwai aikin da ake kira Planet Hunters TESS. Shi TESS madubi ne da aka harba a 2018, aikinsa auna hasken taurari ba ƙaƙƙautawa. In wata duniya ta gifta ta gaban tauraronta, hasken yakan ɗan rage na 'yan sa'o'i ya dawo. Za a nuna miki zanen hasken, ke kuma ki sa alama inda kika ga ya lotsa. Zane ne kawai, ba ya cin data.

Kada ki ɗauka wasan yara ne. A 2012, da bayanan madubin Kepler, wasu 'yan sa-kai biyu suka gano wata duniya da ke cikin tsarin taurari huɗu, ana ce mata PH1. Ga kuma SOHO, madubin da ke kallon rana tun 1995: taurari masu wutsiya da aka gano a hotunansa sun haura 5,000 a shekarar 2024, kuma mafi yawansu mutane ne a gidajensu suka hango su, ba ma'aikatan hukuma ba. In kuma yawo kawai kike son yi a sararin sama, ki buɗe ESASky na hukumar sararin samaniya ta Turai, ki rubuta sunan abu, ki riƙa sauya madubi kina ganin yadda kowanne ya gan shi.

'Yar Tumfure: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na shiga yanzu, har na yi guda shida.

Mai Hoto Jekadafari: Ni na taɓa jin labarin wata malamar firamare a Holan da ta gano wani abu kore a hoton Hubble.

Dakta Yelwa: Hanny van Arkel, a 2007, ta aikin 'yan sa-kai na Galaxy Zoo. Amma gyara kaɗan: hoton da ta gani na madubin ƙasa ne, na binciken Sloan a Amurka. Bayan ta nuna abin ne aka juya Hubble ya kalle shi. Ni wannan ya fi burge ni ma. Malamar makaranta ta yi tambaya, madubin da aka kashe biliyoyin daloli a kansa ya juya don ya amsa.

Kawu Na Kumo: Salamu alaikum. Ni dattijo ne, jikana ke karanta mini. Tambayata ɗaya. In madubin nan yana ganin abin da ke nesa haka, me ya hana a tambaye shi jinjirin watan azumi, a huta da jayayya kowace shekara?

Baban Ilham: Ranka ya daɗe Kawu, tambaya ce mai kyau. Ba zai iya ba, kuma ba don rauni ba. Webb zafi yake gani, don haka dole shi kansa ya zauna cikin sanyi mai tsanani. Na'urar da ta ɗauki hoton nan tana aiki a wajen digiri 266 ƙasa da sifili. An yi masa laima mai ninki biyar, tsawonta ya kai mita 21, kuma rana da duniya da wata duk a bayan laimar suke koyaushe. Ranar da ya juyo ya kalle su, ya lalace. Hubble kuma ba a yarda ya kalli abin da ke kusa da rana ƙasa da digiri 50 ba, jinjirin wata na daren farko kuwa yana manne da rana, shi ya sa da ta faɗi ba ya daɗewa shi ma ya bi ta. Wannan aikin na idon mutum ne da ƙananan madubai na ƙasa, da kwamitin Mai Alfarma Sarkin Musulmi.

Alaramma Bolari: Madalla da amsar nan. Ina so in ƙara don masu ɗari-ɗari, don na ga wani ya turo mini a gefe yana tambaya ko wannan ba shiga gaibu ba ne. A rarrabe tsakanin ilimin falaki da duba. Mai duba cewa yake tauraro kaza ya fito don haka aurenka zai mutu, wannan shi aka hana. Mai falaki lissafin tafiyar rana da wata yake, kuma da shi aka san alƙibla da lokutan salla tun zamanin magabata. Manomanmu ma da fitowar Kaza da 'Ya'yanta suke gane inda shekara ta kai. Kallon halitta da tunani a kanta abu ne da aka kwaɗaitar da mu. Malam, ka ci gaba.

Baban Ilham: Allah ya gafarta Malam, na gode. Amma akwai abin da ya ɓata mini rai a rumbun, ina so Dakta ya yi mana bayani. Wasu fayilolin na gan su da alamar kwaɗo, ba sa saukuwa. Da na bincika sai na ga wai wanda ya nemi a ɗauki hoton ana ba shi wa'adi shi kaɗai, a Webb yawanci wata 12, kafin a buɗe wa kowa. Ni ban ga dalili ba. Madubin da aka gina da kuɗin jama'a, kusan dala biliyan 10, me ya sa mutum ɗaya zai rufe abin da ya gani shekara guda? Bayanan M74 ɗin nan tawagar da ta nema ba ta rufe ba, shi ya sa a watan Yulin 2022, kwanaki kaɗan da ɗaukarsu, wata mata mai suna Judy Schmidt a Kalifoniya, wadda ba ma'aikaciyar NASA ba ce, ta haɗa hoton ya zagaye duniya. Da an kulle, da sai bayan shekara. A cire kwaɗon gaba ɗaya, shi ne ra'ayina.

Dakta Yelwa: A nan kam mun rabu, Malam. Ni fannina ba taurari ba ne, amma na san zafin rubuta takardar neman bincike. Samun lokaci a Webb gasa ce mai tsanani, masu nema sun ninka abin da ake da shi sau da yawa. Mutum zai yi watanni yana tsara tambayarsa. Yanzu ka ɗauka ni ne na ci. Ina da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga duban jarrabawa, ga wutar da ka ba da labari da kanka. In aka saki bayanan ranar da suka sauko, wata tawaga mai mutum ashirin da manyan kwamfutoci za ta tace su ta wallafa cikin mako biyu, ni ban ma gama saukewa ba. Na yi noma wani ya girbe. Kwaɗon nan da kake gani, ba babban farfesa yake karewa ba, shi ba ya buƙata. Ɗalibin digiri na uku yake karewa, da irinmu da ke jami'o'in da ba su da ƙarfi.

Baban Ilham: Na ji Dakta, kuma ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma mu duba inda muke tsaye yau. Mu masu nema ne ko masu ɗiba daga rumbu? A ganina shekaru masu zuwa duk ta rumbu za mu shiga. Kuma rumbun ba saura ba ne: ita kanta cibiyar ta ce fiye da rabin takardun binciken da ake wallafawa da Hubble yanzu daga tsofaffin bayanan rumbu suke fitowa. To duk abin da ya sa kaya ya shiga rumbu da wuri, mu ya amfana.

Dakta Yelwa: Gaskiya ne, amma kada mu tsara doka a kan cewa har abada mu masu kala ne bayan an yi girbi. Ƙofar neman lokaci a buɗe take ga kowace ƙasa, kuma tun wajen 2018 aka koma tantance takardu ba tare da alƙalan sun ga sunan mai nema ko jami'arsa ba. Ba abin da ya hana yarinyar nan ta Tumfure ta nema nan da shekara goma. Ranar da ta ci, ina so ta tarar da kwaɗon yana nan. A rage shi, na yarda. Hubble ma an rage nasa daga shekara zuwa wata shida. Amma a cire ɗungurungum, a'a.

Mai Hoto Jekadafari: Ni ina bayan Dakta. Na san yadda ake ji in ka ɗauki hoto wani ya riga ka ɗorawa ya sa sunansa.

Maman Walid: Ni kuma ina bayan Malam, amma wata shida ba ta yi mini yawa ba. Hasken da ya yi shekara miliyan 32 a hanya zai iya jiranmu wata shida.

Baban Ilham: To ni ban sauka daga ra'ayina ba tukuna, sai dai na yarda gara wata shida da shekara. Mai Hoto, tun da ka ta da batun suna: hotunan nan an yarda ka yi amfani da su, har ka buga ka rataye, amma ka rubuta NASA da ESA da CSA, wato hukumomin sararin samaniya na Amurka da Turai da Kanada, da tawagar da ta ɗauko, sannan ka sa naka sunan a matsayin wanda ya haɗa. Haƙƙi ne.

Ɗan Azare: Ku yi haƙuri in sake dawo da ku ƙasa. Mudun masara nawa ne yau a kasuwa? Matasanmu na zaune ba aiki. Mu ce su ƙona data a kan ƙurar da ke wata duniya? Ba raini nake yi ba, tsakani da Allah nake tambaya.

Dakta Yelwa: Kuma tsakani da Allah zan amsa. Hannun da ya iya buɗe fayil ɗin Webb, ya jera matatai uku ya fitar da ma'ana, shi ne hannun da zai buɗe hoton tauraron ɗan'adam da ke kallon ƙasa. Aikin ɗaya ne, fuskar madubin ce kawai ta juyo. Hotunan Landsat na Amurka kyauta ne tun 2008. Na Sentinel-2 na Turai ma kyauta ne, kowane ɗigo mita 10 ne a ƙasa, kuma duk bayan kwana biyar yake sake wucewa ta kanmu. Su ma suna da matacin infared, da shi ake gane gonar da ke lafiya da wadda ta fara ƙishi kafin ido ya gani. Kai ka san yadda zaizayar ƙasa ke cin unguwanni a cikin Gombe. Yaron da ya iya wannan zai jera hoton bana da na shekara biyar baya ya auna mita nawa kwari ya ci. Zai auna ruwan madatsar Dadin Kowa rani da damina. Mu a jihar Bauchi ma akwai cibiyar hukumar sararin samaniya ta ƙasa a Toro, mai auna siffar ƙasa da motsinta. Irin waɗannan wurare masu wannan hannun suke nema.

Maman Walid: Dakta ya faɗi na abinci, ni bari in faɗi ɗayan. Ɗazu na nuna wa Walid hoton Malam, shekararsa tara. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Mama, to mu a ina muke?" Na rasa amsa, muka zauna muna nema tare har aka kira isha'i. Yaron da kullum sai na ƙwace waya daga hannunsa saboda wasan mota. Ko wannan bai kawo masara ba, ni a wurina ba asara ba ce.

Ɗan Azare: Na zaizayar ƙasa ya shige ni. In za a koyar da wannan ɓangaren, a sa sunana.

Baban Ilham: Za a haɗa duka. Ga abin da nake gani. Babbar matsalarmu data ce, to me zai sa mutum ashirin su sauke fayil ɗaya sau ashirin? Mutum ɗaya ya sauke, a zuba a filasha, a raba. Ina da M74, kuma wani abokina ya sauko mini da NGC 3132, gajimaren da tauraro mai mutuwa ya fesar, ɗaya daga hotunan farko da aka fitar ranar 12 ga Yuli 2022. Dakta, in intanet ɗin ofis zai ɗauki manyan, ka taimaka mana da na gajimaren Carina.

Dakta Yelwa: Zan gwada, in ya samu in ba direban mota ya kawo muku tasha. Kuma ga wani abu game da Carina da zai faranta muku rai. Wurin yana can kudu sosai a sararin sama. Mu a Gombe da Bauchi muna wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka yana ɗago mana kamar digiri 20 sama da doron ƙasa ta kudu, da dare a watannin Maris da Afrilu. Mutanen Baltimo da ke ajiye hotunansa suna digiri 39, ba ya taɓa fito musu ko sau ɗaya. In hazo ya kwanta muka fita bayan gari inda ba fitila, da ƙaramin madubin hannu mai ido biyu za ku ga hasken gajimaren da idonku.

Mai Hoto Jekadafari: Shagona na da sola da kwamfuta biyu. Asabar bayan la'asar ba ni da aiki, ku zo. Mata su zo da wuri su zauna ta ciki, akwai wuri.

'Yar Tumfure: Assalamu alaikum. Malam, na karɓi filashar a hannun ƙanwar matarka yau a makaranta, na aro kwamfutar yayata, na sa DS9 kamar yadda ka ce. Na buɗe NGC 3132 amma baƙi ƙirin nake gani, sai ɗigo fari ɗaya ko biyu. Fayil ɗin ya lalace ne?

Baban Ilham: Bai lalace ba, 'yata, ni ma haka ya yi mini har na kusa gogewa. Tauraro mai haske ya ninka gajimaren da ke kewaye da shi sau dubbai, sai manhajar ta ba tauraron fari ta danne sauran duka a baƙi. Kamar ki shiga ɗaki mai duhu wani ya haska miki tocila a ido. Ki je inda aka rubuta Scale a sama, ki zaɓi zscale. In bai yi miki ba ki gwada log. Sannan ki danne maɓallin dama na linzami ki ja a hankali, hasken zai riƙa sauyawa.

'Yar Tumfure: Ya fito! Wallahi ya fito! Zobe ne babba, gefensa kamar auduga. Yayata ma ta taso tana kallo. Amma Malam, tauraron tsakiya yana da wasu layuka shida dogaye da biyu ƙanana a kwance. Haka yake ko wani abu na gano?

Baban Ilham: Wannan sa hannun madubin ne, ba na tauraron ba. Faifan Webb guntaye 18 ne masu kusurwa shida, su ke haifar da dogayen, ƙananan biyun kuma daga sandar da ke riƙe da ƙaramin madubi suke. Na Hubble huɗu ne, da haka za ki riƙa bambanta hotunansu. Amma yadda kika tsaya kika tambaya, haka ake yi. Duk abin da kika gani baƙo, ki duba ko yana nan a sauran matatan a daidai wurin, don wani lokaci tartsatsin da ya bugi na'ura ne kawai. In yana nan, ki ɗauki lambobin wurin da DS9 ke nunawa a sama ki zuba a ESASky ki ga ko an san shi.

'Yar Tumfure: To akwai wani ɗan dogon abu siriri ta gefen hagu, shi ba shi da layukan. Yana nan a matatai biyu da na buɗe. Na rubuta lambobinsa a littafi, datata ta ƙare, zan zo da shi ranar Asabar.

Kawu Na Kumo: Jikana ya ce zai zo shi ma. Motar Kumo takan iso kafin azahar, sai ya jira ku a shagon.